Mandibula da muƙamuƙi: ma'anar sunan ƙashin da muke tauna da shi

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a karatun likita, kuma mun shiga darasin ƙasusuwan kai. An koya mana cewa sunan muƙamuƙin ƙasa a bakin likitoci shi ne mandibula. Wani abokin karatuna ya ce daga kalmar man ta Turanci aka samo shi, wai don maza sun fi mata faɗin muƙamuƙi, wani kuma ya ce daga kalmar Latin mai nufin hannu ne. Mece ce ainihin ma'anar sunan? Sannan ita kalmarmu ta muƙamuƙi, tana da alaƙa da muƙami kamar yadda ake tsokana?

Amsa: Ɗalibi, abokan naka duka biyu sun yi kuskure, sai dai kuskure ne irin wanda kunne ke jawo wa mutum idan ya ji kalmomi biyu sun yi kama, ya ɗauka uwarsu ɗaya. Mandibula kalmar Latin ce, kuma gaɓa biyu aka haɗa aka gina ta. Ta farko ita ce aikatau mandere, wanda ma'anarsa tauna, ta biyu kuwa ɗafa-ƙeya ce, wato bula, wadda Romawa ke liƙa wa aikatau idan suna son su ambaci abin da ake yin aikin da shi ko wurin da ake yin sa. Kalmar man ta Turanci daga wani tushe daban ta fito, kuma an riga an ƙera mandibula tun kafin Turanci ya zama harshen da ake rubuta ilimin likita da shi. Ita ma manus, wato hannu, babu abin da ya haɗa ta da mandere sai haruffa ukun farko. Gaskiya ne cewa muƙamuƙin namiji yakan fi na mace girma da kauri, har masu binciken gawa suna duba shi idan suna son sanin jinsin ƙwarangwal, amma wannan bayani ne game da ƙashin, bai shafi yadda aka raɗa masa suna ba.

Bahaushe ya fi mai jin Turanci sauƙin gane wannan gini, domin harshenmu yana yin irinsa kullum ba tare da mun lura ba. Muna ɗaukar buɗe mu ce mabuɗi, mu ɗauki duba mu ce madubi, auna ya ba mu ma'auni, girbe ya ba mu magirbi, kuma da wannan ma ɗin muke gina sunan wuri, kamar makaranta da masauki da mahauta. Abin da ma ke yi a goshin kalmar Hausa, shi bula da bulum ke yi a ƙeyar kalmar Latin, har da wannan haɗa kayan aiki da wurin aiki a ƙarƙashin ɗafi guda. Daga stare, tsayawa, suka sami stabulum, wurin da dabbobi ke tsayawa, daga figere, soka ko maƙala, suka sami fibula, tsinken da ake maƙale tufa da shi, wanda nan gaba kaɗan za ka sake haɗuwa da shi a matsayin sunan siririn ƙashin ƙwauri. Saboda haka, in da za a fassara mandibula gaɓa da gaɓa zuwa Hausa, abin da zai fito shi ne matauni. Abin sha'awa a nan shi ne Hausa tana da wannan kalmar, amma haƙoran ciki ta bai wa ita, waɗanda kuma ake kira turame. Harsunan biyu sun kalli aiki guda, ɗaya ya laƙaba sunan ga ƙashin da ke motsi, ɗayan ya laƙaba shi ga haƙoran da ke niƙa.

Kafin ka ci gaba da karantawa, ɗora yatsunka manuniya a gaban kunnuwanka biyu, dab da 'yar tsokar nan da ke rufe ƙofar kunne, sannan ka buɗe baki a hankali. Da farko za ka ji wani dunƙule yana juyawa a inda yake, kamar ƙyauren ƙofa a kan maratayinsa, amma da zarar ratar da ke tsakanin haƙoran gaba ta wuce kimanin santimita 2, sai ka ji dunƙulen ya zame gaba, ya bar ɗan rami a ƙarƙashin yatsanka. Cikakken wage baki ga baligi yakan kai milimita 40 zuwa 50, wato faɗin yatsu uku a jere. Duk wannan motsi na ƙasa ne kawai. Ƙasusuwan ƙoƙon kai da na fuska 22 ne, kuma 21 daga cikinsu a ɗinke suke da juna, ba sa motsi. Muƙamuƙin ƙasa kaɗai ne aka sake shi, don haka da shi ake cizo, da shi ake tauna, da shi ake hamma, kuma shi ke hawa da sauka idan mutum yana magana. Wanda ya zaɓi ya kira shi da sunan aikinsa ya zaɓi abin da ya bambanta shi da sauran ƙasusuwan kai gaba ɗaya.

Romawa da kansu sun yi wasa da wannan aikatau. A cikin wasanninsu na barkwanci akwai wani dodo mai wawakeken baki da manyan haƙora masu ƙaras-ƙaras, wanda suke kira Mandukus, wato sarkin tauna, kuma daga wannan reshe ne aka sami aikatau manducare, wanda asalinsa ke nufin tauna da haɗama, irin ta wanda ba ya jin kunyar idon jama'a. Da tafiya ta yi tafiya sai wannan kalma ta kan titi ta ture kalmar ladabi ta ci a bakin mutane da yawa, har ta zama manger a Faransanci da mangiare a Italiyanci. Duk Bafaranshen da ya ce zai ci abinci a yau, da kalmar da kakanninsa ke zagin mahandama yake faɗa. Girkawa kuwa gnathos suke ce wa muƙamuƙi, kuma Terens, marubucin wasan kwaikwayo na Roma a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raɗa wa wani ɗan cin arziki mai bin teburin masu kuɗi suna Gnato, abin da mai kallo na wancan zamani zai ji kamar an kira mutum Malam Muƙamuƙi. Kalmar Girkancin tana nan a littattafanku, a cikin prognathia, wato turowar muƙamuƙi gaba, siffar da gidan sarautar Habsburg ya yi suna da ita, musamman Sarki Karlos na 2 na Sifaniya wanda ya rasu a 1700.

Akwai wani ruɗani da ya kamata ka sani tun yanzu, domin za ka ci karo da shi idan ka buɗe tsofaffin littattafai. A Latin na asali, kalmar da aka fi sani ga muƙamuƙi ita ce maxilla, kuma Selsus, wanda ya yi rubutu kan likitanci a ƙarni na 1, da ita ya kira na ƙasa mai motsi. Mandibula ta zo ne daga baya. An daɗe ana cewa maxilla ta sama da maxilla ta ƙasa, kafin masana ilimin sassan jiki su raba gardama, su bar maxilla ga na sama, su keɓe mandibula ga na ƙasa, kamar yadda yake a jerin sunayen da aka amince da shi a birnin Basel a 1895 da kuma jerin duniya baki ɗaya da aka fitar a 1998. A ganina rabon ya yi ma'ana, tunda sunan tauna ya faɗa kan wanda ke yin taunar. Masana dabbobi ne suka ɗan saki layi, domin suna kiran ɓangarori biyu na bakin tsuntsu da wannan suna, na sama da na ƙasa, haka nan suna kiran makaman cizo na fara da tururuwa da shi, alhali waɗannan gefe da gefe suke motsi kamar almakashi, kuma babu ƙashi a cikinsu ko kaɗan.

Yanzu bari mu dawo gida, wurin muƙamuƙi, domin a nan ne tambayarka ta fi daɗi. Kalmar tana da siffa ta biyu da za ka ji a bakin dattawa, wato mummuƙe, kuma jam'insu duka muƙamuƙai. Idan ka jera ta da 'yan'uwanta sai tsarin ya bayyana: fiffike da fikafikai, gungume da gumagumai, shisshike da shikashikai, mummuƙe da muƙamuƙai. A kowanne, tushe ne aka ninka sau biyu, sai dai a tilo baƙin da ke ƙarshen gaɓar farko ya narke cikin na gaba da shi ko ya sauya, muƙ-muƙ ya koma mummuƙ, yayin da a jam'i aka saka wasalin a a tsakani, baƙin ya tsira da ransa. Abin da na fahimta shi ne mummuƙe ne tsohon tilo, muƙamuƙi kuwa an sake yanko shi ne daga jikin jam'in, kamar yadda aka yanko fukafuki daga fukafukai. Hakan yakan faru ga abubuwan da aka fi ambatonsu bibbiyu, domin jam'in ya fi yawo a baki, sai ya zama shi ne ma'auni, a manta da tilon asali. Tsuntsu fikafikai biyu gare shi, mutum ma idan ya shafa fuskarsa muƙamuƙai biyu yake ji, na dama da na hagu. Ka riƙe wannan batu na biyu, za mu dawo kansa.

Muƙami kuwa baƙo ne a Hausa. Daga Larabci muka aro shi, daga maƙam, wurin tsayawa ko matsayi, tushensa ɗaya da ƙiyama da iƙama da istiƙama, kuma jam'insa muƙamai. Babu dangantakar jini tsakaninsa da muƙamuƙi, amma dangantakar maƙwabtaka a kunne tana da ƙarfi, kuma abin da ya ƙara wa tsokanar gishiri shi ne yadda Hausa ke amfani da ci. Mu ne ke cin sarauta, mu ci zaɓe, mu ci riba, wani ya ci amana, wani ya ci hanci. A harshen da samun matsayi da cinye dukiyar jama'a duk ci ne, duk wanda ya ce wane yana neman muƙami ne don muƙamuƙinsa ya sami aiki ya yi habaici mai kama jiki, kuma ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba. Ban ga laifin wannan wasa ba, har ma ina ganin gwaninta ce. Inda nake ja da baya shi ne idan aka ɗauko shi daga dandalin raha aka kai shi aji a matsayin tarihin kalma. Kafin a ce kalmomi biyu asalinsu ɗaya, sai an nuna tsofaffin siffofinsu, an nuna cewa sauyin sautin da ke tsakaninsu yana faruwa a wasu kalmomi ma, an kuma nuna hanyar da ma'ana ta bi. Mummuƙe da muƙamuƙi sun cika waɗannan sharuɗɗa, muƙami da muƙamuƙi ba su cika ko ɗaya ba.

Sai haɓa, wadda mutane da yawa ke musanya ta da muƙamuƙi. A taƙaice, haɓa ita ce tsinin gaba, inda gemu ke tsirowa, muƙamuƙi kuwa ya tashi tun daga nan har gindin kunne, inda saje ke bi. Amma iyakar ba ta da tsauri a bakin masu harshe, tunda an ce haɓar kada alhali kada ba shi da wannan tsinin, dogon muƙamuƙi kawai gare shi, kuma an ce haɓar zani ana nufin gefensa da ya yi saura. A ilimin sassan jiki kuwa haɓa abu ne na musamman, domin a cikin halittu masu kama da mutum, mu kaɗai ne ke da wannan turowar ƙashi a gaba. Gwaggon biri ba shi da ita, haka ma tsohon muƙamuƙin nan da aka tono a ƙauyen Mauer kusa da Heidelberg ta Jamus a 1907, kaurinsa ya fi namu nesa ba kusa ba, amma gabansa a zame yake.

Sunan haɓa a Latin shi ne mentum, kuma nan ne tarkon da ya fi kama ɗalibai. Akwai wata kalmar Latin daban, mens, mai nufin hankali ko tunani, kuma idan aka gina siffa daga kowaccensu sai su fito da fuska ɗaya, mentalis. Saboda haka idan ka ga foramen mentale, ƙofar haɓa ake nufi, wato ɗan ramin da ke kowane gefe na muƙamuƙi a saitin ƙananan turamen gaba, kuma nervus mentalis jijiyar haɓa ce. Na taɓa duba takardar jarrabawar wani ɗalibi da ya rubuta da dukkan ƙarfin gwiwa cewa wannan jijiya ita ke kai saƙon tunani daga ƙwaƙwalwa zuwa baki, har ya kawo hujja da cewa shi ya sa mai tunani ke zuba tagumi, mai mamaki kuma ke riƙe haɓa. Na yi dariya har na ajiye biro, kuma na so in ba shi maki don hikima, amma ban ba shi ba. Aikin jijiyar bai wuce ɗaukar ji daga fatar haɓa da leɓen ƙasa ba. Ita ce ƙarshen wata babbar jijiya da ke shiga cikin ƙashin ta wani rami a cikin reshensa, ta bi ta ƙarƙashin saiwoyin haƙora tana ba su ji, sannan ta ɓullo ta wannan ƙofa. Shi ya sa idan likitan haƙori ya yi maka allurar kashe zafi can ƙuryar baki don ya cire turmin ƙasa, sai ka ji rabin leɓenka da rabin haɓarka sun yi nauyi kamar ba naka ba, kana shan ruwa yana zuba ba ka sani ba. In kuwa haɓa ta mutu haka kawai ba tare da allura ko rauni ba, wannan alama ce da likita ba ya wasa da ita, sai ya bincika abin da ke danne jijiyar.

Sauran sunayen sassan ƙashin duk kamance ne, kuma da ka san ma'anarsu haddar ta zo da sauƙi. Kwancen ɓangaren da ke ɗauke da haƙora 16 shi ne corpus, jiki. Wanda ya miƙe sama ta kowane gefe shi ne ramus, reshe. A ƙolin reshen akwai kawuna biyu: na baya shi ne wanda ka taɓa da yatsa ɗazu, condyle ake ce masa, an samo sunansa daga kalmar Girkanci ta gaɓar yatsa idan an dunƙule hannu, na gaba kuwa, mai lanƙwasa da tsini, coronoid ake ce masa, daga sunan hankaka a Girkanci, don ya yi kama da bakinsa. Akwai ɗan ƙaramin ɓallin ƙashi da ke gadin ramin da jijiya ke shiga, sunansa lingula, ɗan harshe, kuma ramukan da haƙora ke zaune a ciki alveoli ne, ƙananan kwamaye. Ita ma ƙaƙƙarfar tsokar da za ka ji ta kumbura a kuncinka idan ka dantse haƙora, masseter, sunanta a Girkanci mai tauna ne, wato an sake maimaita ma'anar mandibula da wani harshe.

Larabci ya kalli ƙashin ta wata kusurwa. Sunan da likitocin Larabawa ke amfani da shi shi ne fakk, daga tushen da ke nufin kwancewa da rabawa, wanda ka sani a cikin Suratul Balad, inda aka ce fakku raƙabah, 'yanta wuya. Latin ya ga tauna, Larabci ya ga buɗewa. Akwai kuma tsohuwar kalma lahyu, ƙashin da gemu ke tsirowa a kansa, tushenta ɗaya da lihya, gemu, kuma ita ce ta zo a hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya lamunce masa abin da ke tsakanin muƙamuƙansa biyu da abin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu. Ba a ambaci harshe da sunansa ba, an ambaci katangar da ke kewaye da shi, mai sauraro ya gane da kansa.

Wannan biyu da ke yawan fitowa, a Larabci da kuma a jam'inmu na muƙamuƙai, ta taɓa zama babbar gardama a tarihin likitanci. Jalinus, likitan Girkawa na ƙarni na 2 wanda aka shafe fiye da shekara 1,000 ana karanta littattafansa kamar ba ya kuskure, ya koyar da cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Dabbobi ya fi feɗewa, kuma a kare da tunkiya haka abin yake, ɓari biyu ne da guringuntsi ya haɗa. Wajen shekara ta 1200 aka yi wata muguwar yunwa a Masar, gawarwaki suka taru tsibi-tsibi a bayan Alƙahira, sai wani malami likita mai suna Abdullaɗif al-Bagadadi ya je ya duba ƙoƙunan kai fiye da 2,000, ya juya su ta kowace fuska, ya sa wasu ma suka duba ba tare da shi ba, kuma duk suka tarar da ƙashi ɗaya ne ba tsagi ba ɗinki. Ya rubuta cewa duk da girman Jalinus, abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji gaskiya. Masanin sassan jiki Besaliyus ya sake tabbatar da haka a Turai a littafinsa na 1543. Sai dai Jalinus bai faɗi ƙasa warwas ba, domin jariri da ɓari biyu ake haihuwarsa, kuma sai a cikin shekararsa ta farko zuwa farkon ta biyu suke haɗewa su zama ɗaya, su bar wani ɗan layi a tsakiyar haɓa. Maciji kuwa ɓarin nasa ba sa haɗewa har abada, jijiya mai talewa ce ke riƙe da su, kuma da wannan yake haɗiye abin da ya fi kansa girma, ba wai goce muƙamuƙinsa yake yi ba kamar yadda ake faɗa.

Mafi tsufan wasa da kalma da na sani a kan wannan ƙashi yana cikin Littafin Mahukunta na Tsohon Alkawari, sura ta 15, inda Samson ya tsinci ɗanyen muƙamuƙin jaki ya kashe mutum 1,000 da shi. A Ibrananci kalmar jaki da kalmar tsibi lafazinsu ɗaya ne, hamor, wadda za ka ji kamanninta da himar na Larabci, saboda haka kirarin da ya yi wa kansa bayan yaƙin yana da fuska biyu, jaki a gaba, tsibin gawarwaki a baya, abin da babu fassarar da ta iya ɗaukowa dukansa. Sunan wurin ma Lehi ne, wato muƙamuƙi, ɗan'uwan lahyu na Larabci. Daga nan labarin ya ce ƙishirwa ta kama shi, sai Allah ya tsaga wani rami da ke Lehi ruwa ya ɓuɓɓugo, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ga ramin tana nufin turmi. Masu fassara suka rabu: wasu suka ce kwarin dutse ne a wurin da ake kira Lehi, wasu, ciki har da mai fassarar Latin ta wajen shekara ta 400, suka ce turmin haƙori ne a cikin muƙamuƙin jakin. Na fi karkata ga na farko, tunda nassin ya ce maɓuɓɓugar ta ci gaba da kasancewa a wurin, amma Bahaushe zai fi kowa gane yadda ruɗanin ya auku, domin shi ma turmi ɗaya yake faɗa ga na daka da na baki. Romawa ma daga mola, dutsen niƙa, suka sami sunan waɗannan haƙora.

Game da abin da za ka riƙa rubutawa da Hausa, shawarata ita ce ka ce muƙamuƙin ƙasa idan kana nufin mandibula, ka ce muƙamuƙin sama idan kana nufin maxilla, ka bar haɓa ga tsinin gaba kawai, kada ka ƙirƙiro matauni a matsayin sabon suna tunda haƙora sun riga sun mallake ta. Ka kuma kula da ƙugiyar haruffa, domin a wannan fanni rashinta yana jawo abin kunya: ƙashi idan ya rasa ƙugiya ya zama kashi, haɓa ta zama haba, sai ƙashin haɓa ya koma wani abu da ba za ka so a karanta a takardar marar lafiya ba. A gaban marar lafiya kuwa, kada ka dogara da kalmar da ya faɗa, domin wani zai ce haɓarsa ke ciwo yana nufin gindin kunne, wani ya ce muƙamuƙi yana nufin haƙori ko dasashi, wani ya ce kunnensa ne alhali mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai ce ta kumbura. Ka ce ya nuna maka wurin da yatsa ɗaya. Idan ya ɗora yatsan a gaban kunne kuma ciwon na ƙaruwa da tauna, mahaɗa ce ko tsoka. Idan bakin ya ƙi rufuwa bayan doguwar hamma, kan ƙashin ne ya zame gaba ya kasa komawa raminsa. Idan ya ƙi buɗuwa bayan wani rauni da ya yi datti, ka tuna da tetanus mai sarƙe haƙora. Idan faɗuwa ya yi ko aka nause shi kuma hoto ya nuna karaya a gefe ɗaya, ka nemi ta biyu a ɗaya gefen, domin ƙashin da ƙoƙon kai tamkar zobe suke, kuma zobe ba kasafai yake karyewa a wuri guda ba. In kuwa dattijo ne ya kasa nuna wuri ɗaya, ya shafa muƙamuƙin duka da tafin hannu, ya ce ciwon na zuwa ne idan ya yi sauri ko ya hau bene, yana tafe da gumi da nauyin ƙirji, to ka bar bakin nan ka auna zuciyarsa.